Wasiƙa: Wa ya koya wa yaranmu rashin tausayi?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili domin in sa baki a kukan da iyaye ke yi cewa samari da 'yan matan yanzu ba su da tausayi, ba sa taimakon kowa sai da tsawa ko da lada. Ni malama ce a wata makarantar kwana ta 'yan mata a jihar Katsina, kuma ɗakunan kwanan ɗalibai suna hannuna. Ina ganin yaran nan a lokacin da idon iyayensu ba ya kansu.

Dare guda ya isa ka gane irin gidan da yarinya ta fito. Zazzaɓi ya kwantar da 'yar aji ɗaya, ta yi amai a tsakar ɗaki. Wasu za su toshe hanci su ja bargo. Amma ba a rasa wadda za ta tashi ba tare da an ce mata uffan ba, ta ɗebo yashi ta rufe aman, ta share, ta jiƙa tsumma ta goge wa yarinyar jiki, sannan ta zo ta buga mini ƙofa. In ka bincika, sai ka tarar a gida ita ke goyon ƙanenta, ita ake aika wa kaka da furar dare, kuma uwarta mai yi mata bayani ce.

Wadda ta fi damuna ita ce mai leƙawa ta ga ko malama na kallo kafin ta miƙe. Irinsu ne ake yaba wa da ladabi. Ranar ziyara uban na magana tana durƙushe, jikinta na rawa, shi kuma yana alfahari cewa a gidansa ba a tambayar dalili. To, Allah ya sani, irin waɗannan ne idan suka kai aji shida aka ba su shugabancin ɗalibai suka fi kowa gallaza wa ƙanana. Bulala ta koya musu cewa mai ƙarfi ke da iko, sai suka jira nasu lokacin.

Ba ni kaɗai na lura da haka ba. A darasin halayyar yara an karantar da mu binciken Diana Baumrind, wadda tun shekarun 1960 a Amurka ta bambanta iyaye masu tsanani zalla, da masu sakaci da sunan so, da masu haɗa doka da jan yaro a jiki. 'Ya'yan na ƙarshen ne suka fi iya zama da mutane. Martin Hoffman kuwa ya nuna cewa horon da ke jawo hankalin yaro ga halin da ya jefa wani ya fi duka dasa tausayi. Wato a ce, "Dubi ƙaninka, tun safe bai ci komai ba ka cinye nasa," maimakon a kai masa mari kawai. Wanda ya fi burge ni shi ne nazarin Beatrice da John Whiting na 1975 a kan yaran al'ummomi shida: yaran Gusii na Kenya, masu raino da kiwo da ɗebo ruwa, sun ɗara yaran wani garin Amurka son taimako.

Mu kuwa ai ba sai mun je nesa ba. Anas bin Malik ya yi shekara goma yana hidimar Manzon Allah (SAW), ya ce bai taɓa ce masa "tir" ba. Da Aƙra'u bin Habis ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai, ba za a ji ƙansa ba. Muna jin wannan a wa'azi, mu koma gida mu ɗauki dorina.

Sai kuma gidajen da wadata ta shiga. Almajiri ke wanke-wanke, 'yar aiki ke shara, ɗan gida mai shekara 15 na kwance da waya. Ko kunun buɗa-baki da a da yaro ke kai wa maƙwabta, ya durƙusa ya gaishe su, ya ga tsohon da ke kwance ba lafiya, yanzu almajirin ake ba wa. Yaushe yaron zai san akwai mai buƙata a bayan katangarsu? Ba arzikin nake zargi ba, don na ga 'ya'yan masu hali da ke wanke wa marasa lafiya kaya. An dai sa su ne tun suna ƙanana.

'Yan mata nake riƙo, amma ina zaton matsalar ta fi tsanani ga maza, tunda mu iyaye mata ne ke cewa namiji ba ya ɗaukar tsintsiya. Ina fata wani malamin makarantar kwana ta maza zai rubuto muku abin da yake gani, mu kwatanta.

Taku,
Wata malama daga jihar Katsina