Rahoton Ayyukan Shekara daga Sakatare

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi.

Tarukan wata-wata sun gudana, ban da na watan azumi da aka ɗage.

Abin da ya wanke mana fuska bana shi ne bitar yini guda da muka yi wa masu shirye-shiryen rediyo da ma'aikatan lafiya kan amfani da tsoratarwa wajen wayar da kai. Mun ɗora ta ne a kan nazarin da wata masaniyar ilimin sadarwa, Kim Witte, ta fitar a 1992. Abin da ta nuna shi ne, in ka tsorata mutum ba ka ba shi mafitar da yake ganin zai iya ba, ba zai yaƙi haɗarin ba, tsoron zai yaƙa. Sai ya toshe kunne ko ya ƙaryata ka. Muka kawo misalin gubar dalma ta Zamfara a 2010, wadda ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda a cikin gidaje ake niƙa duwatsun zinare, ƙurar ta sauka inda yara ke rarrafe. Ce wa mutum ya bar haƙar zinare alhali da ita yake ciyar da iyali zancen banza ne. Abin da ake iya yi shi ne a fitar da niƙan bayan gari, a yi wanka, a sauya tufafi kafin shiga gida.

Bayan azahar muka kunna saƙonni biyu kan amai da gudawa da muka naɗa da waya. Na farko duk gawa da makabarta ne. Na biyu ya faɗi haɗarin a taƙaice, sannan ya koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari. Wata dattijuwar unguwarzoma da ke zaune a baya, wadda tun safe ba ta ce uffan ba, ta ɗaga hannu ta ce na farko ya sa ta gumi amma bai gaya mata abin da za ta yi da jikanta cikin dare ba. Ɗakin ya yi tsit. Wallahi ta fi mu iya bayanin Witte. Daga nan muhawara ta koma kan ƙauracewar rigakafin shan inna ta 2003 a Kano, da yadda sai da aka shigo da sarakuna da malamai aka samu kan jama'a, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a 2020. Ba mu tashi ba sai da aka kira magariba.

Yanzu ga abin da na san za a tambaye ni. Binciken yadda mazauna bakin kogi ke karɓar gargaɗin ambaliya, wanda muka ƙudurta bayan fashewar madatsar Alau da ke kusa da Maiduguri a Satumbar 2024, bai kammala ba. An cike takardun tambayoyin, suna nan cikin kwali a ɗakina. Shigar da su kwamfuta yana buƙatar hannu da kuɗin mota, kuma waɗanda suka fi ɗaga murya ranar da aka amince da aikin ban sake ganin ƙeyarsu ba. Ƙamus ɗin kalmomi da muke haɗawa ma ya tsaya, amma shi da dalili: kwamitin ya kasa daidaitawa kan inda za a ce haɗari da inda za a ce kasada ko barazana, ga kuma hadarin ruwan sama da ke rikita mai sauraron rediyo in ana zancen ambaliya. Gara jinkiri da mu buga shirme.

Kuɗin ƙungiya kuwa, waɗanda suka biya na shekara ba su kai rabi ba. Tun da ma'aji ya koma wani gari ni nake bin mutane. Na yi lallashi, na yi tuni a WhatsApp, na gwada duk dabarar jan ra'ayi da muke karantawa, sai dai a tura min hoton hannu ana addu'a. Abincin bitar nan da ake ta yabo, mutum uku ne suka biya daga aljihunsu, har yau ba a mayar musu ba.

A taro na gaba za a karanta sunayen waɗanda ake bi bashi, sannan a zaɓi sabon ma'aji. Mai son taimakawa da takardun ambaliya ya same ni ranar Asabar bayan la'asar, ya zo da kwamfutarsa.

Sakatare