Makaɗan Jar Ƙasa Da Gidan Da Ya Raine Su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu. Kwanakin baya wani ɗan'uwa ya rubuta a jaridar nan cewa a yau mawaƙin Hausa ba shi da hanyar tuwo sai ɗayan biyu: ko ya raɓi ɗan siyasa, ko ya yi waƙar soyayya ta fim. Ban ce ya yi ƙarya ba, abin da ido ke gani ya faɗa. Sai dai maganarsa ta tuno mini da wasu makaɗa na wata ƙasa mai nisa da suka ƙi bin hanyoyin nan biyu, kuma yunwa ba ta kashe su ba.

Ni tsohon malamin gona ne. A 1981, tun Zamfara tana cikin Jihar Sakkwato, aka tura ni ƙaro ilimi kan ƙasar noma a jami'ar Jihar Oklahoma da ke garin Stillwater, a Amurka. Na tafi da tunanin zan tarar da benaye da ƙanƙara, sai na tarar da jangargari. Ƙasa ja wur, kai ka ce marmarar da muke haƙowa a bayan gari ce aka niƙe aka baza. A aji aka koya mana dalili: tsatsar ƙarfe ce a cikin ƙasar ta rina ta. Idan aka yi ruwan sama, kogin Cimarron da ke kudu da garin sai ya koma kamar ruwan lalle. Farar shaddar da na tafi da ita don sallar idi, rana ɗaya na taka taɓo da ita, ba ta sake yin fari ba har na dawo. Da wannan ƙasa mutanen wurin suke kirari, kuma da ita suka raɗa wa kiɗansu suna, red dirt, wato jar ƙasa.

Wani abokin karatuna, ɗan manomin alkama mai kiwon shanu, shi ya ɗauke ni wata Asabar da dare a tsohuwar a-kori-kurarsa, ya ce zai kai ni "Gona". Na ɗauka gonar mahaifinsa yake nufi. Ashe wani tsohon gidan bene ne mai ɗaki biyar a bayan gari, wanda wasu samari biyu, John Cooper da Danny Pierce, suka kama haya a 1979, ya zama matattarar duk mai jita a yankin. Mun tarar an hura wuta a tsakar fili, mutane sun kewaye ta, wasu kan damman ciyawa, wasu kan bayan mota. Babu dandamali, babu lasifika, babu mai karɓar kuɗi a ƙofa. Jita ɗaya ce ke yawo daga hannu zuwa hannu. Wanda ta zo kansa zai rera waƙar da ya tsara da kansa, sauran su bi shi da abin da ke hannunsu, mai goge da gogensa, mai abin busa da nasa.

Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne wani yaro da bai wuce shekara 19 ba, ya rera waƙar wani birni da jiragen ruwa. Da ya ƙare aka tafa masa. Sai wani mai gemu da ke gefen wuta ya tambaye shi ko ya taɓa ganin teku. Yaro ya ce a'a. Mai gemu ya ce, to me mahaifinka ke yi? Ya ce yana aiki a rijiyar mai, bara injin ya cinye masa yatsu biyu. Sai ya ce masa, mako mai zuwa ka zo mana da waƙar yatsun nan. Ba wanda ya yi dariya.

Daga baya jitar ta iso kaina. Na ce ban iya ba. Suka ce to baki fa? Sai na kifa bokitin ƙarfe, na buga masa kiɗan gangar noma, na ɗauko wani amshi da muke yi a gayya tun ina yaro, lokacin da ake jera samari a kunya ana tsere da galma. Ban kai zagaye na uku ba mai gogen nan ya kamo bakin zaren, ya shiga bina kamar tare muka tashi a Mafara. Ba su ji kalma ko ɗaya ba, amma da na gama wani ya ce, wannan waƙar aiki ce ko? Na ce ƙwarai.

Kada in yi wa masu karatu kwaskwarima. Akwai giya a wurin, kuma yawancin wuraren da makaɗan nan ke wasa mashaya ne. Ni da kwalbar lemo na kwana. Barasa ta cuci da yawa daga cikinsu, zan dawo kan wannan. Na kuma san akwai 'yan'uwa da kiɗa gaba ɗaya bai kwanta musu ba, ba da su nake jayayya ba.

Wannan ɗabi'a ta waƙe abin da ido ya gani gado suka yi. Kakansu a sana'a shi ne Woody Guthrie, haifaffen Okemah a 1912, wanda ya rasu a 1967. A shekarun 1930 fari ya haɗu da noman ganganci, an tuge ciyawar da ke riƙe ƙasa an shuka alkama ko'ina, sai iska ta riƙa kwashe gonaki ɗungurungum. Ranar 14 ga Afrilu 1935 ƙura ta rufe rana har yini ya koma dare. Dubban iyalai suka ɗaura 'yan komatsansu kan mota suka nufi Kalifoniya cin rani, can kuma aka riƙa yi musu kallon banza. Guthrie ya bi su, ya kwana inda suka kwana, ya waƙe su. Mu a aji wannan fari darasi ne kan zaizayar ƙasa, muna zana taswira muna lissafi. Amma abin da jikokin mutanen suka riƙe waƙoƙin ne, ban ga wanda ya haddace taswirarmu ba.

A birnin Nashville na Jihar Tennessee, cibiyar kasuwar irin wannan kiɗa na karkarar Amurka, kamfanoni na ɗaukar marubuta waƙa aiki. Su zauna a ofis su tsara, a miƙa wa mai murya da kyan fuska ya rera. 'Yan jar ƙasa suna ganin wannan kamar tuwon sayarwa ne, yana ƙosarwa amma ba ya kama da na gida. Ba wai ba su zuwa can ba. Garth Brooks, wanda ya zo ya sayar da faifai fiye da kusan kowa a fagen, ɗalibi ne a jami'armu a shekarun da nake can, yana jifan mashi a wasannin guje-guje, da dare yana waƙa a wani ɗan wuri kusa da makaranta, kafin ya tafi Nashville ya yi suna. Bob Childers ma, wanda suke kira uban kiɗan jar ƙasa, ya je can ya gwada, ya dawo. Ya kafa 'yar tirelarsa, wato ɗakin kwana mai taya, a harabar Gonar nan ya zauna, samari suna zuwa da waƙoƙinsu yana gyara musu. Bai tara dukiya ba har ya rasu a 2008. Gidan Gonar kuwa gobara ta cinye shi a 2003. Amma ka duba waɗanda suka ratsa ta wurin ko ta hannunsa: Jimmy LaFave, Tom Skinner, Mike McClure, Jason Boland, Stoney LaRue, Cody Canada, da ƙungiyar Red Dirt Rangers ta su John Cooper ɗin nan.

To da me suke ci? Da ƙafa. Su cika mota da kaya su bi ƙananan garuruwan Oklahoma da Teksas, dare huɗu ko biyar a mako, kowane ɗan kallo ya biya kuɗi kaɗan a ƙofa. A bakin ƙofar kuma ga tebur ana sayar da faifai da riguna da huluna masu sunan ƙungiya. Ubangidansu shi ne direban tirela da malamar makaranta da yaron da ke kiwon shanu. Wanda mutum dubu ke ciyarwa da ƙwandala-ƙwandala, ba mai iya kiran sa a waya ya ce cire baitin nan.

Ƙungiyar su Cody Canada, Cross Canadian Ragweed, ta fara a 1994 a garin Yukon. Sunan ma abin dariya ne ga malamin gona, don sun harhaɗa shi daga sunayensu ne ya fito da sunan wata ciyawa mai sa atishawa da manoma suka tsana. Sun watse a 2010. Da suka shirya suka dawo, a watan Afrilun 2025 sun cika filin ƙwallon jami'ar nan tamu dare huɗu a jere, tikiti sama da 180,000, ninkin mutanen garin sau uku da ɗoriya. Abokina na a-kori-kura, wanda yanzu shi ma jikoki sun kewaye shi, shi ya turo mini hoton ta WhatsApp.

Waɗanda na fi so a na yanzu su ne Turnpike Troubadours, 'yan Tahlequah, hedikwatar ƙabilar Cherokee. Jikana ne ya sa mini su a waya ta YouTube. Mai tsara musu waƙa, Evan Felker, yana da ido irin na maharbi. Zai ba ka labarin farautar tsuntsu da kare, ya faɗa maka irin bindigar da wanda ya gadar da ita, kana cikin bin karen sai ka farga ashe labarin mutumin da aurensa ya ƙi ɗauruwa ake ba ka. A 2019 ƙungiyar ta tsaya cik, shaye-shaye ya kusa kai shi ƙasa. Ya janye ya koma aikin shanu, ya bar kwalba, a 2022 suka koma fage. Masu sauraronsu sun jira su shekara uku ba su canza sheƙa ba. Wata rana ina sauraron su a zaure, wani dattijo maƙwabcina ya kasa kunne ga gogen Kyle Nix, ya ce, "Malam, wanga ai kukuma ta, mi as sunan mai ita?" Na ce masa bai yi nisa da gaskiya ba, don banjo ma da ake kaɗawa a irin kiɗan nan, bayi ne daga Afirka ta Yamma suka kai asalinsa can, ɗan'uwan gurmi da molo ne.

Sai kuma zumunci. A 2004 jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da mutum uku na Red Dirt Rangers. Allah ya yi da sauran kwanansu, amma sun ji munanan raunuka, ga kuɗin asibiti a Amurka ba wasa ba. 'Yan'uwansu makaɗa suka yi ta shirya wasa ana tara musu. A 2012 aka kafa asusu na dindindin don makaɗin da ciwo ko gobara ko haɗari ya kayar, kuma duk shekara ana taron waƙa a Stillwater da sunan Bob Childers, abin da aka samu ya shiga asusun. Mu nan sau nawa muka ji a rediyo ana neman taimako ga wani tsohon makaɗi da ke kwance, bayan shekara 40 yana faranta wa mutane?

Abin da ke ci mini rai, Edita, shi ne babu abin da na gani a Gonar nan da ba mu da irinsa tun kafin su. Musa Ɗanƙwairo da kiɗan noma ya fara a bayan mahaifinsa, ya yi wa wansa Kurna amshi shekaru kafin ya ja nasa ayarin. Sa'idu Faru, Salihu Jankiɗi na Rawayya, Kassu Zurmi, Sani Sabulu na Kanoma, ga Sani Aliyu Ɗandawo can Yawuri, duk wannan yanki ne ya haife su, kuma ba wanda ya faɗo daga sama da gwanintarsa. Zama aka yi da manya, aka yi kuskure aka gyara. Gayya ita ce makarantar makaɗin noma, kuma makaɗin noma ba sarki ke ciyar da shi ba, manoma ne, da damin gero da na dawa bayan kaka. Yanzu gayya ta ja baya, tarakta da maganin feshi sun karɓi wani aikin, rashin tsaro ya karɓi sauran. Yaro mai baiwa yau ɗakin ɗaukar sauti zai nufa, inda kwamfuta za ta miƙe masa murya kafin wani ya miƙe masa baiti.

Ga kuma abin waƙa ya yi mana yawa. Mutanen ƙauyukan Maradun da Zurmi da Shinkafi da Anka sun baro gonakin kakanninsu suna kwana a kangaye a Gusau da nan Mafara. Na san wata tsohuwa da ta fito ba ta ɗauki komai ba sai irin gero a ƙullin zane, shekara uku ke nan tana shanya shi tana mayarwa, ba ta da inda za ta shuka. Waƙoƙin roƙon zaman lafiya suna da yawa, na ji su, Allah ya saka wa masu su. Amma ban ji wadda ta ambaci ƙullin irin nan ba, ko sunan rijiyar da aka bari, ko san noman da aka sayar da rabin kuɗinsa don a fanso ɗa.

Ina da ɗan lambun mangwaro a gefen gari, da rumfa mai ɗaukar mutum kamar 30. Daga Alhamis ta farko bayan an kai amfanin gona gida, na buɗe ta daga la'asar zuwa kafin magariba, don kowa ya san halin da hanya take ciki da dare. Mai kukuma, mai gurmi, mai kalangu, mai jita, mai rubutacciyar waƙa da ba shi da komai sai takarda, duk bismilla. Sharaɗi biyu ne: ka zo da wadda ka tsara da kanka, kuma ka bar sunan ɗan takara a bakin ƙofa tare da takalmi. Shayi da gyaɗa a wuyana. Wanda ke so ya nemi kwatance ta hannun Edita. Na riga na yi magana da wani tsohon makaɗin noma da gudun hijira ya kawo unguwarmu, ya ce zai zo ya zauna wa yaran, matsalar ɗaya gangarsa ta fashe a hanya. Jiya na sayo masa fatar akuya a kasuwa, tana jiƙe a bayan ɗaki.

Naka,
Tsohon malamin gona,
Talata Mafara, Jihar Zamfara.