Kafin Ku Buga "Masana Sun Gano" A Kan Mai Da Kitse

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wani asibiti a Zariya, kuma yawancin jinin da ke zuwa hannuna na awon kitsen jini ne, wato kolestarol da danginsa. Na rubuto ne saboda yadda shafukan lafiya na jaridunmu ke ɗauko labari da taken "masana sun gano" su miƙa wa jama'a ba tare da bin diddigi ba. Yau a ce man gyaɗa na toshe jijiya, gobe a wanke shi a ɗora wa manja laifi. Jama'a kuwa suna aiki da abin da suka karanta. Na ga wadda ta ajiye maganin da likita ya rubuta mata ta koma shan garin ganye, sai da awonta ya yi sama sosai kafin 'ya'yanta su farga.

Fitowar bincike a babbar mujalla ba ta wanke shi ba, kuma a fannin kitse an daɗe da sanin haka. A 1967 mujallar New England Journal of Medicine ta buga nazarin wasu malamai uku na Jami'ar Harvard a Amurka, cikinsu har da Fredrick Stare da Mark Hegsted. Sun sassauta wa sukari, suka nuna kitse da kolestarol na abinci su ne abin gudu a ciwon zuciya. Ba su faɗa wa kowa cewa ƙungiyar masu kamfanonin sukari ta biya su dala 6,500 ba, ta kuma ga rubutun kafin ya fita. Mujallar ma ba ta fara tilasta wa marubuta bayyana irin wannan alaƙa ba sai 1984. Asirin ya tonu ne a 2016, lokacin da Cristin Kearns da abokan aikinta na Jami'ar Kalifoniya a San Francisco suka zaƙulo wasiƙun da aka yi musaya, suka wallafa a mujallar JAMA Internal Medicine. Kusan shekara hamsin likitoci na kafa hujja da wannan nazari ba su san wanda ya biya kuɗinsa ba.

Wanda ya fi damuna shi ne na jihar Minnesota a Amurka. Daga 1968 zuwa 1973, wasu masu bincike biyu, Ivan Frantz da Ancel Keys, sun gudanar da gwaji a kan mutum sama da 9,000 a asibitocin masu taɓin hankali da wani gidan kula da tsofaffi. An rage wa rabinsu kitsen dabba aka musanya da man masara. Kolestarol ɗinsu ya sauka da kusan kashi 14 cikin ɗari, amma mutuwa ba ta ragu ba. Wannan sakamako bai yi daidai da abin da aka sa rai ba. Sai 1989 aka buga wani ɓangarensa, sauran bayanan suka zauna cikin kwalaye a ɗakin ƙasa na gidan Frantz har bayan rasuwarsa. Ɗansa ne ya tono su ya ba wani mai bincike, Christopher Ramsden, aka sake lissafi aka buga a mujallar BMJ a 2016. Kada wani ya ce na ba shi lasisin shan man shanu da ludayi. Gwajin yana da rauninsa, domin da yawa daga cikin mutanen ba su cika shekara suna cin abincin ba. Amma hukuncin wannan rauni na masu karatu ne, ba na wanda ya kulle takardu ba. Marasa lafiyar da aka sauya wa abinci ba su da bakin magana, kuma mafi ƙarancin haƙƙinsu shi ne a fito da abin da aka samu.

Ba karɓar kuɗin kamfani ne laifi ba, ɓoyewa ne. Gwajin da aka yi a ƙasashen Skandinabiya da simvastatin, maganin rage kolestarol, a kan mutum 4,444, wanda mujallar The Lancet ta buga a 1994, kamfanin Merck ne ya ɗauki nauyinsa kuma an faɗa. Sun ƙirga waɗanda suka mutu, ba lambar awo kaɗai ba, aka ga mutuwa ta ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Shi ya sa har yau ake dogara da shi.

Mu ma nan gida muna da namu. Malamin jami'a ba ya samun ƙarin girma sai da tarin maƙaloli, ga kuma mujallun intanet da ke karɓar kuɗi su buga cikin 'yan kwanaki ba tare da wani masani ya duba ba. Ina karanta irin waɗannan: an ba ɓeraye 'yan ƙalilan ruwan ganyen zogale ko na shuwaka na makonni, kolestarol ya sauka, sai a rufe da cewa ganyen na maganin ciwon zuciya. Ba a faɗi ko an hana dabbobin abinci kafin ɗiban jini ba. Ba a faɗi ko LDL, wanda ake kira mugun kolestarol, auna shi aka yi ko lissafa shi aka yi ba. Mu da ke aikin awon jini mun san yawancin ɗakunan gwaji lissafi suke yi da tsarin Friedewald na 1972, kuma wannan lissafi ba ya aiki idan tiraigilisarayid, wani nau'in kitsen jini, ya haura miligiram 400 a desilita. Wanda ya tsallake wannan bayani ya hana kowa maimaita aikinsa, aikin da ba a iya maimaitawa kuwa zance ne kawai.

Tun 2005 manyan mujallun likitanci suka daina karɓar gwajin da aka yi a kan mutane matuƙar ba a yi masa rajista a bainar jama'a kafin a fara ba, don kada a sauya tambaya bayan an ga amsa. Afirka ma tana da rajistarta da ke Afirka ta Kudu, kuma kowa na iya dubawa kyauta.

Saboda haka, Malam Edita, roƙona ga wakilanku na sashen lafiya shi ne su riƙa rubuta sunan mujallar da shekarar da aka buga, su faɗa mana ko mutane aka gwada ko ɓeraye kuma guda nawa, sannan su leƙa ƙarshen maƙalar inda ake bayyana wanda ya ba da kuɗi. Idan lambar awo kawai ta sauka, a rubuta hakan, kada a ce an samu maganin ciwon zuciya. In wakili ya rasa mai fassara masa, a tsangayar koyon likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero ba zai rasa malamin da zai karanta masa maƙalar cikin rabin sa'a ba.

Na gode.

Naku,
Wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, Zariya