Kwangilar Kula Da Tsofaffi Da Cefanar Da Gine-gine A Ƙananan Hukumomin Ingila

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi tsokaci kan wani al'amari da ya shafi ɗimbin 'yan'uwanmu masu aikin kula da tsofaffi da naƙasassu a Ingila, musamman waɗanda suka shigo tun daga watan Fabrairun 2022, lokacin da gwamnatin Birtaniya ta sauƙaƙa wa masu wannan aiki samun biza. Yawancinsu sun san kamfanin da ya ɗauke su aiki, amma kaɗan ne suka san cewa tushen albashinsu, da yawan mintunan da ake ba su a kowane gida, yana cikin shawarwarin da kansiloli ke yankewa a zauren ƙaramar hukuma.

Tun bayan dokar 1990 kan kiwon lafiya da kula da mutane a cikin al'umma, ƙananan hukumomin Ingila suka fara janye hannu daga gudanar da gidajen tsofaffi da kansu, suka koma bayar da aikin kwangila ga kamfanoni da ƙungiyoyin agaji. Dokar Kulawa ta 2014 ta ɗora musu alhakin tantance buƙatar duk wanda alamu suka nuna yana neman taimako. Wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa, wanda bai kai haka ba kuwa hukuma ce za ta ɗauki nauyinsa, ko duka ko wani ɓangare. Da yake hukuma ce babbar mai saye a kasuwar, kusan abin da ta taya shi ne farashi, kuma idan ta matse kuɗin awa guda, kamfani ba ya da inda zai rage sai a jikin ma'aikaci da lokacin tsoho.

Duk wanda ya taɓa aikin ya san yadda ziyarar safe take. Ma'aikaciya za ta shigo ta danna waya domin a rubuta lokacin isowarta, ta tashi dattijo daga gado, ta wanke shi, ta sauya masa kaya, ta ɓare ƙwayoyin maganinsa ta tsaya har ya haɗiye, ta haɗa masa shayi, ta rubuta rahoto, sannan ta fita da sauri zuwa gida na gaba, wanda sau da yawa kwangilar ba ta lissafa tafiyar zuwa can ba. Mutumin da ciwon mantuwa ya kama ba ya jin gaggawa, kuma maɓallin riga ɗaya kan cinye mintuna. Shi ya sa a 2015 hukumar NICE, mai fitar da ƙa'idojin kiwon lafiya da kulawa a Ingila, ta ba da shawarar kada irin wannan ziyara ta gaza rabin awa sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma ba a cika tattaunawa a kansa ba, shi ne mallakar ginin da ake aikin a cikinsa. Kamfanin Southern Cross, wanda ya durƙushe a 2011 yana riƙe da gidajen tsofaffi kusan 750 da mazauna kusan 31,000, ya sayar da yawancin gine-ginensa ne ya koma yana hayarsu bisa yarjejeniyar da kuɗin haya ke hawa kowace shekara. Da kuɗin da ƙananan hukumomi ke biya ya daina ƙaruwa, haya kuma ta ci gaba da hawa, sai kamfanin ya kasa, akuyar da ya sayar ta dawo tana ci masa danga. Su ma hukumomin ba su tsira daga wannan dabara ba. Majalisar Northamptonshire, wadda ta shelanta a watan Fabrairun 2018 cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba, ta sayar da sabuwar hedikwatarta ta koma 'yar haya a ciki, kuma a 2021 aka rushe ta aka raba yankin gida biyu. Ita kuwa Croydon cin bashi ta yi ta shiga cinikin kadarori, har da sayen otal, kafin ta yi irin wannan shela a 2020. Birmingham ta bi sahu a watan Satumban 2023, kuma sayar da kadarori na cikin hanyoyin da aka shata mata na cike giɓi.

Ba na cewa a riƙe kowane gini ko da rufinsa na yoyo, domin akwai tsofaffin gine-ginen da gyaransu ya fi sayar da su tsada. Kokena shi ne yadda ake kawo rahoton kwangilar kulawa daban, a kawo na kadarori daban, kamar babu abin da ya haɗa su. Hukumar da ta mallaki gidan tsofaffi, idan ɗan kwangila ya gaza, za ta iya sallamarsa ta kawo wani ba tare da an ɗaga tsohuwa mai shekara casa'in daga ɗakin da ta saba da shi ba. Wadda ta sayar kuwa ba ta da wannan iko, sai dai ta biya abin da mai gini ya nema ko ta kwashe mutane. Gaskiya ne sashe na 123 na dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ya wajabta neman farashi mafi tsoka, amma tun 2003 aka ba hukumomi damar yin rangwamen da bai wuce fam miliyan 2 ba idan hakan zai amfani jama'ar yankin, don haka ba kullum ne hannun kansiloli yake ɗaure kamar yadda suke nunawa ba.

Ina kira ga 'yan'uwa mazauna Ingila, ma'aikata da masu iyaye a hannun kulawa, su riƙa bibiyar waɗannan shawarwari tun kafin a yanke su. Doka ta tanadi a sanar da babbar shawara kwana 28 kafin ranarta, a kuma fitar da takardun zama kwana 5 na aiki kafin a zauna. Sau da yawa ana fitar da jama'a daga zauren idan an zo kan farashi, da hujjar sirrin ciniki, amma kansilan mazaɓa yana da bakin tambaya idan an tuntuɓe shi da wuri. Haka kuma wata doka ta 2011 ta ba ƙungiyoyin unguwa damar neman hukuma ta yi wa gini rajista a matsayin kadarar al'umma, wanda zai iya dakatar da sayar da shi har wata 6 domin su nemi kuɗin saye, da sharaɗin an yi rajistar kafin a ƙulla ciniki.

Na gode, Malam Edita.

Wani mai karatu, daga Ingila