Kada Rana Ta Faɗi Kana Hanya

Shikago, 20 ga Yuli, 1964

Ɗana,

Takardarka ta iso. Shafi uku ka cika da labarin yaranka na makarantar 'yanci, wadda kuka buɗe wa yaran baƙar fata a jihar Misisifi, yadda suke cika cocin tun da sassafe. Sau biyu na karanta ina neman inda za ka ce ga gidan da kake kwana, ga mai tuƙa ku. Ban gani ba.

Kana ba ni labarin yadda kuke bi gida-gida kuna lallashin tsofaffi su je rajistar zaɓe, sai ka ce baƙuwa ce ni. A Misisifi aka binne cibiyata. Sau biyu babanka yana tsayawa gaban magatakarda da rasit ɗin harajin zaɓe na dala 2 a hannu. Aka buɗe kundin tsarin mulkin jiha mai sashe 285, aka nuna ɗaya, aka ce ya yi bayani. Mutumin da ke karanta wa duk unguwa wasiƙunsu, wai bai iya ba. Sauran ka sani, ka kuma san abin da ya sa muka hau jirgin ƙasa cikin dare ba sallama. Don haka kada ka ƙara ce min gudu muka yi. Da ba mu taso ba, da wane karatun za ka koyar yau?

Gobe wata guda ke nan da ɓatan yaran nan uku masu aiki irin naka a gundumar Neshoba ta Misisifi. An ga motarsu a ƙone, su kuwa shiru. Ɗayansu, James Chaney, shekararsa 21, sa'anka ne. Abin da ya hana ni barci shi ne, garin nemansu aka tsamo gawar wasu samari biyu baƙar fata daga kogi, waɗanda suka ɓace tun Mayu ba wanda ya ɗaga murya. Biyu cikin ukun nan farare ne, shi ya sa har sojan ruwa ke tattake fadama. Kai fa? Wa zai tada soja saboda ɗana?

Kana shekara 12 muka bi layin ganin gawar Emmett Till, yaron nan baƙar fata ɗan Shikago da fararen fata suka kashe a Misisifi. Na rufe maka ido, ka ture hannuna. Taurin kan kakanka ne, kuma ka san inda ya kai shi.

Shugaba Johnson ya sa hannu a dokarsa ta hana wariyar launin fata ranar 2 ga wata, a coci ana ta guɗa. Ni ban yi ba, don ba takardar ce za ta raka ka hanyar ƙauye ba.

Ban ce ka dawo ba, na san ba ji za ka yi ba. Amma kada rana ta faɗi kana hanya. Kada ka zauna bakin taga fitila na ci. In an kama ka aka ce ka tafi cikin dare, ka roƙa a bar ka a kulle sai gari ya waye. Su ma ukun kama su aka yi, da dare aka sake su.

Ga dala 5 nan a ciki, ba taka ba ce. Ka ba baiwar Allahn da ta sauke ka, don ita za a bari da fararen garin bayan kun tafi. Ka rubuto duk Lahadi, ko layi ɗaya ne.

Mahaifiyarka