Kafin mu ce a sayo ɗan wasa, mu tambayi inda albashinsa zai fito

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in sa baki a musun da ke tashi tsakanin magoya bayan ƙwallon ƙafa duk lokacin da aka buɗe kasuwar 'yan wasa. Wasu na cewa ƙungiyar da ba ta zuba kuɗi ba ta da zuciyar cin kofi, masu ita marowata ne kawai. Wasu kuma na cewa a bi sannu, kada a jefa ƙungiya cikin bashi. Abin da ke damuna shi ne, duka ɓangarorin biyu a kan abu ɗaya suke ta da jijiyar wuya, wato farashin da aka sayi ɗan wasa, alhali farashin nan kaɗan yake nunawa daga nauyin da ƙungiya ta ɗora wa kanta.

A ɗauka an sayi ɗan gaba a kan fam miliyan 50, ya sa hannu a kwantiragin shekara biyar, albashinsa fam dubu 150 a mako. A littafin lissafin ƙungiya ba a rubuta miliyan 50 ɗin a shekara guda. Ana raba ta ne a kan shekarun kwantiragin, miliyan 10 kowace shekara. Albashi kuma, dubu 150 sau mako 52, ya kama miliyan 7.8. Ke nan wannan mutum ɗaya yana cin miliyan 17.8 duk shekara, a shekara biyar miliyan 89, ba a sa la'adar wakilinsa ba, ba a sa kuɗin sa hannu da ladan cin ƙwallaye ba. Kuma da zarar labarin albashinsa ya shiga ɗakin sauya kaya, wakilan kyaftin da mai tsaron raga da ɗan bayan da ya fi kowa taka leda bara za su zo neman ƙari, domin babu wanda zai yarda baƙo ya ninka shi.

To, idan yaron bai yi abin kirki ba fa? Nan ne magoya baya ke cewa a sallame shi kawai. Bayan shekara biyu, darajarsa a littafi ta koma miliyan 30. In an taya shi miliyan 20 aka sallama, sai a rubuta asarar miliyan 10 a wannan shekarar. Sannan ƙungiyar da ta taya ba za ta iya biyan dubu 150 ba, shi kuwa yana da sauran shekara uku a hannu, doka tana bayansa, ba zai rage ko sisi ba. Ƙarshenta a ba da shi aro, a ci gaba da biyan rabin albashinsa yana buga wa wasu. Dalilin da ya sa ke nan ake ganin manyan ƙungiyoyi da 'yan wasa zaune a benci shekara da shekaru, kowa ya san ba a buƙatarsu, kuma babu hanyar rabuwa da su.

Albashi dole ne a biya shi kowane wata, ko an ci wasa ko an sha kashi. Kuɗin shiga kuwa iri biyu ne. Akwai wanda ake da tabbas a kansa kafin a fara kaka: tikitin shekara da aka riga aka sayar, kason haska wasanni a talabijin da ake raba wa kowa daidai, da yarjejeniyar masu ɗaukar nauyi da aka sa wa hannu. Akwai kuma na sa rai: kuɗin shiga gasar Zakarun Turai, ladan matsayin da aka ƙare a tebur, da ribar sayar da ɗan wasa. A ganina duk maganar a nan take. Ƙungiya tana iya yin buri gwargwadon yadda take so, muddin albashinta yana zaune a kan kuɗin da ke da tabbas. Ranar da aka ɗora shi a kan na sa rai, an yi wanka da kashi don ganin hadari.

Leeds United ta nuna wa duniya yadda abin yake. A 2001 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Zakarun Turai, Valencia ta fitar da ita. A wannan shekarar, ƙarƙashin shugabanta Peter Ridsdale, ta ciyo bashin fam miliyan 60, ta jinginar da kuɗin tikitin shekaru masu zuwa, bisa lissafin cewa za ta riƙa shiga gasar Zakarun Turai a kai a kai. A kakar 2000/01 gurbi uku Ingila take da shi, Leeds ta ƙare ta huɗu, maki ɗaya tak tsakaninta da Liverpool. Kaka ta gaba gurbin ya zama huɗu, sai ta ƙare ta biyar. Ba wai ƙungiyar ta lalace a fili ba ne, mataki ɗaya ta rasa sau biyu, kuma lissafin bai bar wurin ko da mataki ɗaya ba. Aka sayar da Rio Ferdinand ga Manchester United a 2002, aka bi da Robbie Keane da Jonathan Woodgate da Robbie Fowler. A 2004 ta faɗa gasar 'yan dagaji, wato rukuni na biyu, ta sayar da filinta na Elland Road da filin atisayenta. A 2007 ta gangara rukuni na uku, aka zaftare mata maki 10, kaka ta gaba kuma 15. Sai a 2020 ta sake ganin Firimiya, bayan shekara 16.

Wani zai ce ai Leeds ba babbar ƙungiya ba ce kamar su Barcelona. To a dubi Barcelona ɗin. A 2017 PSG ta biya Yuro miliyan 222 ta ɗauki Neymar. Kuɗi ne da ya shigo sau ɗaya, amma aka mayar da shi nauyin shekaru: Dembélé, Coutinho, daga baya Griezmann, kowannensu sama da Yuro miliyan 100, kowanne da albashi mai tsoka, a kan albashin da dama can ya yi yawa. Da annobar korona ta rufe filaye a 2020, kuɗin tikiti da na masu ziyara ya tsaya cak, albashi kuwa bai tsaya ba. A watan Agustan wannan shekarar Coutinho, wanda ke zaman aro a Bayern Munich, ya zura wa Barcelona ƙwallo biyu a wasan da aka tashi 8 da 2. A Agustan 2021 shugaban ƙungiyar, Joan Laporta, ya bayyana cewa bashin ƙungiyar ya kai Yuro biliyan 1.35, albashi kuma ya kai kashi 103 cikin 100 na kuɗin shiga. Messi ya yarda a rage rabin albashinsa, duk da haka ƙa'idar La Liga ba ta bari a yi masa rajista ba, ya tafi yana hawaye. A 2022 suka sayar wa kamfanin Sixth Street kashi 25 cikin 100 na kuɗin talabijin ɗinsu na La Liga har tsawon shekara 25. Gaskiya ne sun ɗauki La Liga a 2023, ba na musun wannan. Amma shugabannin da za su zo nan da shekara ashirin za su tarar an riga an cinye rubu'in wannan kason.

Yanzu ma ko mai ƙungiya yana da rijiyar kuɗi, dokoki sun ɗaure masa hannu. Hukumar UEFA ta ƙayyade cewa albashin 'yan wasa da na koci, da rabon kuɗin sayensu na shekara, da la'adar wakilai, kada su wuce wani kaso na kuɗin shiga: kashi 90 a 2023/24, kashi 80 a 2024/25, kashi 70 daga 2025/26. A Ingila kuma, dokar da a lokacin ta hana asarar fiye da fam miliyan 105 a shekara uku ita ta ci Everton maki 10 a Nuwamban 2023, aka rage zuwa 6 bayan ɗaukaka ƙara, aka sake cire mata 2. Shari'ar Nottingham Forest ta fi koyar da darasi. Da yake shekara biyu cikin ukun a gasar 'yan dagaji ta yi su, iyakarta miliyan 61 ce. Shekarar lissafinta tana rufewa ranar 30 ga Yuni, ita kuwa ta riƙe Brennan Johnson don ta sami farashi mai kyau, sai 1 ga Satumban 2023 ta sayar da shi ga Tottenham a kan miliyan 47.5. A kasuwance ta yi daidai, amma kuɗin ya faɗa wata shekarar lissafi, aka cire mata maki 4. Chelsea kuwa ta riƙa ba da kwantiragin shekara takwas da rabi, kamar na Enzo Fernández, don rabon shekara ya yi ƙanƙanta, har UEFA ta toshe ƙofar a 2023, ta ce ba za a raba kuɗin saye fiye da shekara biyar ba. Wani abin takaici a wannan tsari shi ne, yaron da ƙungiya ta rena tun yana ƙarami ba shi da farashi a littafi, duk abin da aka sayar da shi riba ce zalla. Shi ya sa su Mason Mount da Conor Gallagher, yaran da Chelsea ta rena, suka zama na farko da ake kai wa kasuwa.

Kada masu cewa a bi sannu su ɗauka na ba su gaskiya duka. Rowa ma tana kashe ƙungiya, sai dai a hankali. Southampton ta sayar wa Liverpool kaɗai Lallana da Lovren da Lambert a 2014, Clyne a 2015, Mané a 2016, Van Dijk a 2018. Littafi ya yi kyau na ɗan lokaci. Amma wanda ke sayar da gwaninsa duk shekara dole ne ya dace da madadinsa duk shekara, kuma babu masu farautar 'yan wasa da ba sa kuskure. A 2023 ta faɗi. Faɗuwa daga Firimiya ita ce asara mafi girma, domin ko kuɗin tallafin da ake ba wanda ya faɗi kashi 55 ne na kason talabijin a shekarar farko, 45 a ta biyu. Ƙin kashe miliyan 20 a kan ɗan bayan da ake buƙata yana iya jawo asarar da ta ninka wannan sau da yawa. Leicester ita kuma ta haɗa cuta biyu: albashinta ya zarce kuɗin shigarta a kakar da ta faɗi a 2023, sannan ta bar kwantiragin irin su Youri Tielemans ya ƙare suka tafi kyauta.

Abin da Liverpool ta yi da kuɗin Coutinho, wanda ta sayar wa Barcelona, shi ne misalin da nake so masu musu su riƙe. Ta sayi Van Dijk a kan fam miliyan 75 a Janairun 2018, ta ɗauko Alisson a bazarar shekarar. Gurbi biyu ne, na baya da na tsaron raga, da kowa ya san nan ruwa ke shiga, aka kashe kuɗi mai yawa a kansu ba tare da jin tsoro ba, kuma kuɗin cinikin Coutinho ya kai ya rufe su. Kofin Zakarun Turai ya zo a 2019, Firimiya a 2020. Brighton tana bin wata hanyar: ta ɗauko Moisés Caicedo daga Ekwado a 2021 a kan abin da bai kai miliyan 5 ba, ta sayar wa Chelsea a 2023 a cinikin da ya kai miliyan 115. Sai dai masu yabon Brighton su tuna cewa mai ita, Tony Bloom, ya zuba ɗaruruwan miliyoyi daga aljihunsa kafin tsarin ya fara ciyar da kansa.

Akan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma haka ne a ƙwallo. Abin tambaya shi ne me aka yi da shi. Arsenal ta ci bashi ta gina filin Emirates, ta koma cikinsa a 2006, ta yi daga 2005 zuwa 2014 babu kofi, tana kallo Henry da Fàbregas da Van Persie suka tafi. Magoya bayanta sun sha zolaya, amma filin mai ɗaukar mutum dubu 60 yana nan yana kawo kuɗi kowane wasan gida. Iyalan Glazer kuwa da suka sayi Manchester United a 2005, bashi suka ciyo suka saye ta, suka ɗora shi a wuyan ƙungiyar da a da ba ta da bashin kirki. Shekaru ana biyan kuɗin ruwa daga abin da magoya baya suka kawo, ba a ƙara ko kujera ɗaya da wannan bashin ba. Magoya bayan da suka yi zanga-zanga a kan haka suna da hujja, kuma ba daidai ba ne a haɗa su da masu kukan ba a sayo musu ɗan gaba ba.

Saboda haka, Malam Edita, ina kira ga masu sharhi a shafinku na wasanni, idan za su ba da labarin ciniki su riƙa haɗawa da shekarun kwantiragi da albashi da shekarun ɗan wasan, domin miliyan 50 a kan ɗan shekara 22 ana iya dawo da ita, a kan ɗan shekara 30 kuwa ta tafi ke nan. Su riƙa gaya mana kashi nawa na kuɗin shigar ƙungiya ke tafiya a albashi. In ya haura 70, a sa ido. Su bincika ko kwantiragin yana da sharaɗin rage albashi idan an faɗi daga gasa ko an rasa gurbin Turai, da ko 'yan wasa nawa ne kwantiraginsu zai ƙare a bazara ɗaya. A Ingila ƙungiyoyi suna miƙa lissafinsu na shekara ga hukumar rajistar kamfanoni, kuma kowa yana iya buɗe shi a intanet kyauta ya ga albashi da bashi da kuɗin da ake bin su na 'yan wasan da suka saya kashi-kashi.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka,
Mai karanta shafinku na wasanni