A waiwayi Kwangwalam

Malam Edita,

Daga Agege nake rubuto maka kan garinmu Kwangwalam, a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, kan hanyar Daura zuwa Damagaram. Abokan sana'ata a Legas sun ɗauka iyaka katanga ce. Ina! Tsakaninmu da Ɗan Barto ta Nijar gonakin gero ne. Turawan Ingila da Faransa ne suka shata layin tsakanin 1906 da 1908, suka raba dangi gida biyu. Gwaggona ma can take aure.

Da aka rufe iyaka a 2019, aka hana sayar da fetur a yankin, masu injin niƙa da 'yan acaɓa sun ji jiki. Kuma tun ƙidayar 2006 ba a sake ƙirga mu ba. Da wane lissafi ake raba mana ajujuwa da rijiyoyi?

Naka,
Wani ɗan Kwangwalam, Agege